Na taso da sauri daga mita 30, yanzu kafaɗata tana ciwo

Bakanon Alƙahira:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya san harkar nutso da tukunyar iska ya taimaka min da shawara, hankalina bai kwanta ba. Hutu muka samu a makaranta, muka zo Sharm el-Sheikh ni da abokaina biyu. Bara na yi kwas na farko a Dahab, wanda ke ba mutum izinin sauka mita 18, bana na ƙara na biyu mai kaiwa mita 30. Yau da asuba aka kai mu wurin Thistlegorm, jirgin kayan yaƙin Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance a zurfin kusan mita 30. Nutson farko lafiya lau. A na biyu ruwa yana ja da ƙarfi, na shagala da kallon babura da manyan motocin da ke cikinsa, ko da na duba agogon iska sai na ga saura ba 40 (ba shi ne ma'aunin matsin iskar tukunya, cikakkiya ba 200 ce), alhali ina can ƙasa wajen farfela. Gabana ya faɗi. Na nemi igiyar da muka sauko da ita ban gan ta ba, abokin tafiyata ya yi min nisa, sai na danna wa falmaran ɗina iska, wato rigar da ake hurawa don ta ɗaga mutum a ruwa. Kafin in ankara ina tafiya sama kamar an harba ni, kwamfutar hannuna tana ta ƙara. Ban yi tsayuwar da ake yi a mita 5 kafin a fito ba. Na ɓullo nesa da jirginmu, sai wani ƙaramin kwale-kwale ne ya hango ni.

Jagoranmu ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, don a lokacin ban ji komai ba. Yanzu bayan magariba kafaɗata ta dama tana ciwo can cikin ƙashi, yatsuna biyu suna min kamar ana tsira allura, ga wata irin gajiya. Gobe da hantsi jirgin samanmu zai tashi zuwa Alƙahira. In sha maganin ciwon jiki in kwanta?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni likita ce, kuma zan yi maka magana kai tsaye. Kada ka kwanta, kada ka jira safiya, kada ka hau jirgin nan. Ciwon gaɓa da tsirar allura a yatsu bayan nutso mai zurfi, mu ciwon kumfar jini muke ɗaukarsa har sai likitan nutso ya duba ya ce ba shi ba ne. Akwai ɗakin matsi a garin da kake, wato inda ake jinyar ciwon ta hanyar matsa mutum da iska kamar yana ƙasan ruwa. Ka kira masu shagon da suka kai ku su sa maka oksijin zalla yanzu, su kai ka can. Ka tafi da kwamfutar hannunka don likitan ya ga zurfin da lokacin. Ka sha ruwa, kada ka yi wanka da ruwan zafi, kada a yi maka tausa, kuma kada ka sha maganin da zai ɓoye ciwon kafin a duba ka. Abokinka ɗaya ya raka ka. Ajiye wayar ka tashi.

Bakanon Alƙahira:
To Anti, na ji. Mun kira su, suna hanya.

Ɗan Fatakwal:
Allah ya ba shi lafiya. Likita ta gama magana. Ni shekara 11 ke nan ina aikin nutso a bututun mai a teku, kuma wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mutumin da zai fito ya ce ba komai don kunya. Ciwon nan wani lokaci sai bayan awoyi yake bayyana.

Auta:
Yayyena, ba zai yiwu ya koma cikin ruwan ya sake sauka, ya taso a hankali ba? Tunda matsi ne maganin, ai ga teku nan a gabansa kyauta.

Ɗan Fatakwal:
A'a Auta. Da dare, da iskar tukunya ta yau da kullum, ga mutum ya riga ya fara jin alamu a jijiya? In ƙafarsa ta mutu ko ya suma a ƙarƙashin ruwa wa zai fito da shi? Kuma iskar da zai shaƙa ƙara masa naitirojin za ta yi. Akwai masu yin irin wannan jinya a tsibiran da ɗakin matsi ke da nisan kwanaki, amma da oksijin zalla suke yi, da abin rufe fuska gaba ɗaya, da igiya, da ƙwararru a gefe. Wanda ɗakin matsi ke garin da yake ba shi da wannan uzurin.

Baban Yawuri:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai akwai abin da ya ɗaure min kai, ku yara ku warware min. Mu Sarkawa ne, a ruwa aka haife mu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana nutsewa a Neja ya kwance taru da ya maƙale, ya taso da gudu kamar kifi, ya sake komawa, ya yi haka sau goma a yini. Tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968 yake yi har ya tsufa, ban taɓa jin kafaɗarsa ta yi ciwo saboda ya taso da sauri ba. To me ya sa wanda ke da kayan Bature a baya shi ne ruwa ke kayarwa?

Malamin Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar nan ita ce gindin maganar. Bambancin yana wurin da aka shaƙi iskar. Marigayi a sama yake cika ƙirjinsa, ya sauka da wannan numfashi ɗaya, ruwa ya matse shi, in ya taso ya koma yadda yake. Bai ƙaro komai daga ƙasa ba, kuma zamansa can bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Mai tukunya kuwa a can ƙasan yake numfashi, kuma regileta, na'urar da yake shaƙa ta cikinta, tana ba shi iska daidai da matsin wurin. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara nauyi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 matsi ya ninka 2, a mita 20 ya ninka 3, a mita 30 inda yaron nan yake ya ninka 4. Wato kowane numfashi da ya ja, iskar numfashi 4 ce a dunƙule.

Daga nan haɗari biyu ke fitowa. Na farko na huhu ne. Wanda ya cika ƙirji a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki 2, huhu ya yage, kumfa ta shiga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya buƙatar zurfi, ko a tafkin wanka yana iya faruwa, shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Na biyu na naitirojin ne, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Jiki ba ya amfani da ita, amma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka da kitse kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. In an taso sannu, jini yana kwaso ta ya kai huhu a fitar. In an taso da gudu, sai ta koma kumfa tun tana cikin jiki, ta zauna a gaɓa ko a lakar baya.

Baban Yawuri:
Yanzu na gane, Malam. Ashe guzurin da ya ɗauko daga ƙasa ne ke juya masa baya. To ku ƙara min da wannan. Akwai wani yaronmu da yake cewa zai haɗa injin ba taya iska da dogon tiyo ya riƙa sauka yana ciro kaya a tafkin. Shi ma hukuncinsa ɗaya ke nan?

Ɗan Fatakwal:
Baba ku hana shi, don girman Allah. Hukuncinsa ɗaya, har ya fi muni. Duk wanda ya shaƙi iska a ƙasan ruwa, ko ta tukunya ko ta tiyo, lissafin naitirojin ya hau kansa. Sannan injin falkanaiza yana tura tururin baƙin mai cikin iskar, in hayaƙin salansa ya shiga kuma guba ce da ke sumar da mutum ba tare da ya ji wari ba. Ga shi in injin ya mutu ba shi da abin da zai taso da shi sai gudu. A Honduras da Nikaragwa akwai masunta 'yan ƙabilar Miskito da ke nutso neman ƙaguwar teku sau da yawa a yini ba agogo ba lissafi, garuruwansu cike suke da samari a keken guragu.

Ɗan Bur Sudan:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni a nan Bahar Maliya nake aiki, ɓangaren Sudan, ina jagorantar baƙi zuwa jirgin Umbria da ya nutse da Sha'ab Rumi inda Bafaranshe mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gidajensa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Ina yi wa ɗan uwanmu addu'a. Amma ina so a kalli inda matsalar ta faro, domin ba a wajen tasowa ta faro ba. Ta faro ne tun lokacin da ya kai ba 100 bai duba ba.

A yawancin jiragen yawon buɗe ido ana ce wa mutane su dawo da ba 50. Mutane sai su ɗauka cewa in allura ta kai 50 sannan za a fara haramar tasowa. Bari mu yi lissafi. Tukunya mai lita 12 da aka cika ba 200 tana ɗauke da lita 2400. A ce kai da abokinka kuna mita 30, iskarsa ta yanke, kuna shaƙa daga tukunya ɗaya, kowa a firgice yana jan lita 30 a minti in a sama ne. Ku biyu lita 60. Minti ɗaya na daidaita kanku a ƙasa, a ninka da 4, lita 240. Minti 3 na hawa zuwa mita 5, kusan lita 500. Zangon minti 3 a mita 5, lita 270. Minti ɗaya na ƙarshe, kamar 75. Jimla ta haura lita 1000, wato kusan ba 90. Ma'ana a mita 30, da allura ta taɓa 90 ko 100, zamanka ya ƙare ko da kwamfuta ta ce kana da sauran lokaci. Ni kafin kowa ya shiga ruwa nake sa shi ya faɗi lambarsa da bakinsa.

Ɗan Fatakwal:
Wannan lissafi haka yake. Sai dai ba 40 ɗin da ya gani ma, da ya natsu, ta ishe shi shi kaɗai. Lita 480 ce. Da ya fara hawa nan take a kan mita 9 a minti, da ya isa mita 5 da sauran abin yin zango. Tsoro ne ya cinye shi, sai kuskuren danna falmaran. Falmaran ba lif ba ce. Ana tasowa da ƙafa ne, ana kuma rage iskar falmaran a hanya, domin ita ma kumbura take yi. In ka ƙara mata a mita 30, kowace mita da ka hau tana ƙara girma, tana ƙara jan ka, har ta fi ƙarfinka.

Auta:
Mita 9 a minti ɗin nan wa ya yanke ta? Na ga wani wuri an rubuta 18.

Malamin Maraɗi:
Dukansu akwai. Sojan ruwan Amurka sun daɗe a kan ƙafa 60 a minti, wato mita 18, daga baya a 1993 suka rage zuwa rabi. Yawancin kwamfutocin yanzu suna ƙara in ka wuce 9 ko 10. Asalin ilmin kuwa ya tsufa. Ma'aikatan da suka haƙa gindin gadar Brooklyn a Amurka a shekarun 1870 suna aiki a akwatunan da aka cika da iska mai matsi, suna fitowa suna lanƙwashewa don ciwo, har babban injiniyan, Washington Roebling, ciwon ya nakasa shi. Bafaranshe Paul Bert ya nuna a 1878 cewa kumfar naitirojin ce sanadi. Sai John Scott Haldane, ɗan Sikotilan, ya yi gwaji da awaki a ɗakin matsi, ya fitar da jadawalin tasowa na farko a 1908 don sojan ruwan Ingila. Shi ya kawo dabarar tasowa zango-zango, kamar ayarin fatake, a hau kaɗan a yada zango, a sake hawa. Lissafin da ke cikin kwamfutoci da yawa a yau na Albert Bühlmann ne na Zurich, kuma a kan harsashin Haldane ya yi gini.

Ɗan Bur Sudan:
Tunda an zo maganar zango, ni har yanzu ina yin zango mai zurfi. In na sauka mita 40, ina tsayawa minti 1 ko 2 wajen mita 20 kafin in ci gaba. Richard Pyle, masanin kifi a Hawai, shi ya lura cewa ranakun da ya tsaya a tsakiyar hanya don ya sace iskar cikin kifayen da ya kamo, ba ya jin gajiya bayan fitowa. Ni ma jikina haka yake gaya min.

Ɗan Fatakwal:
Ɗan uwa, a nan za mu rabu. An yi yayin wannan dabara sosai, amma sashen gwajin nutso na sojan ruwan Amurka ya gwada ta a kan mutane, rahoton ya fito a 2011. Sun ba rukuni biyu zurfi ɗaya da jimlar lokacin tasowa ɗaya, rukuni ɗaya ya kashe lokacin a zangon ƙasa, ɗayan a zangon sama. Masu zangon ƙasa su suka fi kamuwa. Dalilin a fili yake: a mita 20 sassan jiki masu saurin sha suna fitarwa, amma masu jinkiri irin su kitse har yanzu sha suke yi. Kana biyan bashi ta hannun dama kana ciwo sabo ta hagu.

Ɗan Bur Sudan:
Na san da gwajin. Amma nutson da suka gwada ya wuce mita 50, na rabin awa, irin wanda zango ya zama wajibi. Ba irin namu na baƙi ba ne da ke cikin iyakar lokaci. Kuma ni ba na rage zangon sama don na yi na ƙasa, ƙari ne. Amfaninsa a wurina har da tarbiyya: baƙon da ya san zai tsaya a mita 20 ba ya tasowa da gudu.

Ɗan Fatakwal:
In ƙari ne, kuma kwamfutarka tana lissafa shi, kuma iskarka ta isa, ba zan yi jayayya ba. Abin da nake ƙi shi ne a koya wa yaro cewa zangon ƙasa kariya ce har ya raina na sama. Duba lissafin Malam: daga mita 30 zuwa 20 matsi ya ragu da kashi ɗaya cikin 4 ne kawai, amma daga mita 10 zuwa sama ya ragu da rabi. Mita 10 na ƙarshe su ne wurin da ake karya mutane. Sau nawa ka ga wanda ya yi minti 3 ɗinsa cif a mita 5, sannan ya harbo sama cikin daƙiƙa 5? Ni wannan ɗan tazarar minti ɗaya nake ba ta, ko fiye.

Ɗan Bur Sudan:
Wannan kam kullum ina gani, kuma a kansa bakinmu ɗaya.

Bari in koma kan kayan aiki, don abin da ya fi taɓa ni a labarin ɗan uwanmu shi ne ya rasa igiya kuma ba shi da tasa. Thistlegorm wuri ne mai jan ruwa, ana sauka da igiyar jirgi ana hawa da ita. Amma igiyar jirgi tana iya ɓace maka, shi ya sa kowane mutum, ba jagora kaɗai ba, ya kamata ya rataya balan-balan ɗin alama da kwarkwaron zare. Doguwar jaka ce ja ko ruwan lemo, kana ƙasa za ka hura mata iska kaɗan ka sake ta, ta tafi sama ta tsaya a miƙe, zaren yana hannunka. Ta yi maka aiki uku: mai jirgi ya san inda ruwa ke kai ka, sauran jiragen ba za su bi ta kanka da farfela ba, kai kuma ka samu abin da za ka auna hawanka da shi kana naɗe zare sannu sannu. A mita 10 rabi za ka cika ta, kafin ta kai sama ta cika da kanta. Sharaɗi babba: kada ka taɓa maƙala kwarkwaron a jikinka lokacin sakin ta. In zaren ya sarƙe, ka sake shi ya tafi, in ba haka ba da kai za ta tafi. Ka dubi sama kafin ka saki, kada wani yana kanka. Kuma a koya a ruwa marar zurfi tukuna, sau da yawa, don ranar farko kowa sai zare ya naɗe masa yatsa. Ni ina ƙara usur da ƙaramin madubi da tocila a aljihun falmaran.

Auta:
To kwamfutar fa? In mutum yana da ita ai ba ya buƙatar jadawalin takarda ko?

Malamin Maraɗi:
Kwamfuta ta fi jadawali bin sawun abin da ka yi a zahiri, amma batir ne da ita, yana mutuwa. Ya kamata lambobin su zauna a ka. A jadawalin PADI, ƙungiyar koyar da nutso, iyakar zaman da ba ya wajabta zango a nutson farko da iska ta yau da kullum, mita 18 minti 56 ne, mita 30 minti 20, mita 40 minti 9 kacal. Dubi yadda lokacin ke zubewa. Kuma nutso na biyu a yini ya fi gajarta, saboda ragowar na farko tana jiki, shi ne halin da ɗalibin nan ya shiga. Sannan kwamfuta ba ta san ko ka yi barci ba, ko ka sha ruwa, ko sanyi ya kama ka. Lissafi take yi a kan mutum na misali. Kada mutum biyu su yi tarayya a kwamfuta ɗaya.

Ɗan Fatakwal:
Wanda zai wuce mita 40 kuwa ya shiga wata duniya, kwas ɗinta daban. Can ba ka da izinin fitowa kai tsaye ko me ya faru, rufi ne a kanka wanda ido ba ya gani. Ana tafiya da tukwane biyu a baya, regileta biyu, kwamfuta biyu, da jadawali a rubuce a allon hannu. Ana sa hiliyam cikin iskar don rage mayen zurfi, wanda ke fara taɓa mutane tun wajen mita 30. Sannan ga tukwanen tasowa a rataye a gefe: mai oksijin kashi 50 ana fara shaƙarta daga mita 21, oksijin zalla kuma daga mita 6, don su gaggauta fitar naitirojin. Kowace tukunya an auna ta da na'ura, an rubuta iyakar zurfinta da manyan lambobi, kuma abokinka sai ya tabbatar kafin ka kai ta baki. Wanda ya shaƙi oksijin zalla a mita 30 bisa kuskure, jijjiga irin ta farfaɗiya ce za ta kama shi, regileta ta faɗi daga bakinsa. Bamisiren nan Ahmed Gabr da Guinness ta rubuta masa mita 332 a Dahab a 2014, saukarsa ba ta wuce kwata na awa ba, amma tasowarsa ta ci kusan awa 14.

Namu na gida ma akwai. Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar Najeriya a watan Mayun 2013. Ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su fito da shi sama ba duk da halin da yake ciki. Jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin. Suka sa masa kayan numfashi, suka kai shi cikin ƙararrawar nutso, akwatin ƙarfen da ake saukar da masu nutso a ciki, daga nan zuwa ɗakin matsi, ya ƙara fiye da kwana 2 kafin ya ga rana. Daga baya shi ma ya koyi aikin nutso.

Baban Yawuri:
Ikon Allah. Na tuna labarin nan a rediyo, amma ban san dalilin da ya sa aka tsare shi ba sai yau. Yaron tiyo kuma na kira ubansa, mun yi magana.

Bakanon Alƙahira:
Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na dawo. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana 2. Tun a mota suka sa min oksijin, kafin mu isa tsirar yatsun ta ragu, har na ce ko mu koma. Likitan ya ce sam, sauƙin da oksijin ya kawo shi ne ma shaidar ciwon. Ya gwada ƙarfin hannuwana da tafiyata, ya duba kwamfutar, sannan aka shigar da ni ɗakin, wani ma'aikaci ya zauna tare da ni. Aka matsa mu daidai da zurfin mita 18, ina shaƙar oksijin ana ba ni hutu lokaci lokaci, kusan awa 5. Cikin rabin awa na farko ciwon kafaɗar ya tafi. Washegari aka sake sa ni na ɗan gajeren lokaci. An hana ni hawa jirgin sama sai ranar da likitan ya sa, an hana ni nutso sai ya sake duba ni. Anti Likita, ban san da bakin da zan gode miki ba, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Lissafin ba 90 ɗin nan ba wanda ya taɓa yi min shi.

Maman Biyu:
Alhamdu lillahi, ƙanena, na ji daɗi ƙwarai. Na yi ta duba wayata. Jinyar da aka yi maka ita ce jadawali na 6 na sojan ruwan Amurka, awa 4 da minti 45 in ba a tsawaita ba. Ka bi maganar likitanka a kan ranar tafiya, kada kuɗin tikiti ya ruɗe ka. Sauran 'yan uwa kuma su riƙe wannan ko da lafiyarsu ƙalau: shawarar ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ita ce awa 12 aƙalla kafin hawa jirgi bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, fiye da haka sosai in an yi nutson da zango ya wajaba. Matsin cikin jirgin sama kamar na kan dutse ne mai tsayin mita 2000 ko sama da haka. Wato ko ba abin da ya same ka, jirgin hantsin nan yana bakin iyaka.

Ɗan Bur Sudan:
Barka da arziki ɗan uwa. Kuma ba jirgi kaɗai ba. Mutane suna fitowa daga ruwa a Dahab su wuce ziyarar Dutsen Sina'i a daren, tsayinsa ya haura mita 2200. Hukuncinsa ɗaya da jirgi. Ka gaya wa abokanka.

Bakanon Alƙahira:
Wallahi yana cikin shirinmu na farko, lokaci ne ya ƙure. Anti, tambaya ɗaya ta rage. Likitan ya ambaci wata 'yar ƙofa a zuciya, ban fahimta sosai ba. Kuma in na warke, zan iya nutso ina azumi?

Maman Biyu:
Kowane jariri yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, tana rufewa bayan haihuwa. A kusan mutum 1 cikin 4 ba ta rufewa gaba ɗaya, kuma yawancinsu har su tsufa ba su sani ba. Ga mai nutso, tana iya barin kumfar da huhu zai tace ta tsallaka zuwa jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da laka. An fi neman ta ga wanda ya kamu alhali bai karya doka ba. Kai dalilinka a bayyane yake, amma tunda alamun sun taɓa jijiya, in likitan ya ce a yi hoton zuciya ka yi, a Alƙahira ba zai yi wuya ba. Azumi kuwa, iskar tukunya busasshiya ce, ga zafin Masar, ga fitsarin da ruwa ke sa mutum, duka suna ƙarar da ruwan jiki, kuma ana lissafa ƙarancinsa cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Ni shawarata ka bar nutso mai zurfi sai bayan salla.

Ɗan Bur Sudan:
In likita ya sallame ka, kada ka fara da jirgin da ya nutse. Ka nemi malami ku koma Dahab, wuri mai yashi, mita 6 zuwa 10. Ka gyara nauyin dalmar da kake ɗaurawa don nutsewa yadda za ka iya tsayawa cak a mita 5 da tukunya mai ba 50 ba tare da ka riƙe komai ba. Ka saki balan-balan sau 10 a jere, ka gwada karɓar regiletar abokinka ku hau tare a hankali. In ka sayi kwarkwaro ka ɗauki mai zaren mita 30, ka turo hotonsa nan in nuna maka yadda ake ɗaure shi.